Ɗan Wasan Ƙarfen da Yayana Ya Ƙera da Baki

Yayana ya dawo daga aikin soja da ƙafa ɗaya. A Zuru wannan ba labari ba ne da za a tsaya a kansa. Gida nawa ne a unguwarmu babu hoton ɗa cikin kaki a rataye a bango? Wasu ma hoton kaɗai ya rage musu. Mu namu ya dawo yana numfashi, don haka aka ce mu gode wa Allah, muka kuwa gode. Amma ni na san abin da aka baro a can inda motarsu ta taka nakiya. Ƙafar dama ce, daga ƙasan gwiwa, wadda ya yi suna da ita tun muna yara, lokacin da samari ke tasowa daga Danko a kan keke don su kalle shi yana buga ƙwallo a filin makarantarmu.

Ya daɗe ba ya magana. Zai zauna a bakin ɗakinsa daga safe har rana ta juya, Mama ta ajiye masa tuwo, in dawo daga makarantar firamaren da nake koyarwa in tarar ƙudaje ne suka ci. Da aka kawo masa ƙafar roba ma bai canza ba. Sunanta dai ƙafar roba, amma sandar tsakiyarta ƙarfe ce, akwai kuma maɗauri na fata da yake zagayawa a saman gwiwa. In ya taka tana yin wata 'yar ƙara, kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Ya tsani ƙarar nan, shi ya sa ba ya son tafiya.

Wanda ya fitar da shi daga gida abokinsa ne tun na ƙuruciya, mai gidan kallon ƙwallo a bayan kasuwa. Wata Asabar ya shigo da babur har tsakar gida, ya gaida Mama, ya tsaya a kan yayana.

“Tashi mu je. Ko zagin alƙalin wasa ka taya mu, bakunanmu sun gaji.”

“Ba ni da lafiya.”

“Ni ma ba ni da ita. Tashi.”

Ban je ba ran nan, abokin ne ya ba ni labari daga baya. Ana tsakiyar wasa janareta ya yi tari ya mutu. Rumfar cike take da samari, zafi ya ishe su, aka fara buga benci ana zagin mai gidan. Yana can baya yana fama da igiyar janaretan, gumi har cikin ido, sai ya ji wata murya ta tashi daga kusurwa, sak irin ta masu sharhin wasa a rediyo.

“Jama'a a yi haƙuri, an tsayar da wasa ne don za a yi canji. Ga sabon ɗan wasa nan yana shigowa. Ƙirjinsa tankin babur ne, ƙafafunsa shokazoba, kansa kuwa wannan janaretan ne aka ara masa, shi ya sa ba ku ganin hoto. Ya karɓi ƙwallo. Ya yanke mutum ɗaya. Ya yanke na biyu. Mai ya ƙare masa, ya tsaya cak. Ana neman mai galan.”

Abokin ya ce sakin igiyar ya yi ya zauna a ƙasa yana dariya. Da janaretan ya tashi, wasu cewa suka yi a kashe shi tukuna, su ji ko an samo galan ɗin.

Daga nan abin ya fara. Kowane mako bayan an gama kallo sai a ce yayana ya kawo wasan tasa gasar. Da mutane suka yi yawa aka mai da shi ƙarƙashin mangwaron da ke gaban rumfar, ranar Lahadi da la'asar, bayan mu mun taso daga coci Musulmi kuma sun sallaci la'asar. A nan ne mata muka samu shiga. Ni ina zama kusa da mai awara, ina kallon mutumin da ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwa yana ɗaga hannu yana kwaikwayon usur.

Gasar tasa ba ta da kama. Akwai ƙungiyar Gara, akwai ta Duwatsu, waɗanda ba sa motsi amma ba a taɓa cin su ba. Akwai ƙungiyar 'yan golmo, wato samarin da ke yi wa surukai noma kafin a ba su mata. Su wasansu guda shekara bakwai ake yi, in an tashi kuma surukin ya ce a ƙara lokaci. Akwai ƙungiyar 'yan fansho, waɗanda kullum suna layi a bakin fili ana tantance su, ba su taɓa shiga sun taɓa ƙwallo ba. Alƙalin wasa kada ne, yana barci a tsakiyar fili, ba mai ƙarfin halin tashinsa ya ce an yi laifi. Filin a gefen tsauni yake, kuma ko an juya, ƙungiyar ɗan wasan ƙarfe ce ke hawa.

Shi ɗan wasan ƙarfen ba shi da suna, ba ya kuma magana. Wani mai walda ne ya haɗa shi da tarkacen da aka zubar. Kowane wasa sai wani abu ya karye a jikinsa, a maye masa da abin da aka samu. An taɓa sa masa ƙafar keken ɗinki, ya yi ta gudu yana ɗinke fili har ya haɗe raga biyu wuri guda. An taɓa sa masa cikin injin markaɗe, duk ƙwallon da ya tare da ƙirji sai ta fito gari. In man fetur ya yi tsada sai ya riƙa tafiya kamar hawainiya, mata su yi ta tafi don sun san zancen.

Akwai Lahadin da ba na mantawa. Ran nan da ƙungiyar Gara aka kara. Gara suka cinye turakun raga, suka cinye takalman 'yan wasa, suka cinye tutar mataimakin alƙali. 'Yan ƙungiyar ɗan wasan ƙarfe duk suka gudu suka bar shi, tunda shi ba ya ciwuwa. Ya yi ta bugawa shi kaɗai har ruwan sama ya sauko, ya yi tsatsa a tsaye a tsakiyar fili. Sai yayana ya sauya murya, ya yi ta koci, mai taushi, irin ta wanda ya ƙoshi.

“Ku bar shi nan. Ai ba ya jin ciwo. A zuba masa baƙin mai, gobe akwai wasa.”

Can sai wani tsoho da ya yi soja tare da marigayi babanmu ya gyara zama a kan benci ya ce, “Wanga kocin na san shi. Na yi aiki ƙarƙashinsa.” Aka fashe da dariya, amma ba irin ta ɗazu ba ce.

Samari suka riƙa ɗaukar muryarsa a waya suna tura wa juna. Ta kai Danko, ta kai Bena, ta kai har inda yaranmu suke a bakin daga. Wani ɗan maƙwabtanmu ya aiko wa uwarsa saƙo cewa in an zo sauraro a sansaninsu, har waɗanda ba sa jin Hausa sai sun matso a fassara musu. Yayana ya fara cin abinci. Ya fara aske gemu. Ƙarar ƙafar tana nan, amma yanzu shi da kansa yake cewa ɗan wasan ne ke neman mai.

A garinmu akwai wani babban mutum, ɗan ƙasa ne amma a Abuja yake zaune, wanda ke sa kofin ƙwallo kowace shekara dab da Kirsimeti. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don tsoro ba, don dai ya ishe shi yawan wuraren da aka rubuta shi. Wata ranar Talata wani yaronsa ya zo gidanmu cikin mota mai baƙin gilashi. Na ce yaro, amma magidanci ne mai tumbi, da waya biyu a hannu. Mama ta shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba.

“Oga ya ji abin nan naka,” ya ce wa yayana. “Ya yi dariya har da hawaye. Yana so ranar wasan ƙarshe ɗan wasan ƙarfe ya bayyana a fili.”

“Da lasifika?” yayana ya tambaya.

“Da komai. Gari duk zai ji ka.”

Ban taɓa ganin fuskar yayana kamar ran nan ba tun dawowarsa. Daga wannan rana ya shiga shiri. Ya ce tunda wasan ƙarshe ne, shi ma wasan ƙarshe na tasa gasar zai kawo. Ina jin sa a bayan gida yana gwada murya, in na matso sai ya yi shiru ya ce in tafi, ba a leƙa tukunya kafin ta nuna. Mama ta fito da farar shaddarsa ta wanke ta kai aka buga mata guga.

Ranar muka isa fili da hantsi ya ɗaga, kamar yadda aka ce. Abokinsa ya kawo shi a babur, ni na biyo a wani. Mai tumbin ya ja mu bayan rumfar manya, wurin da aka jibge kujerun roba. A nan na ga abin a jingine. An yanka kwanon rufi an lanƙwasa shi kamar riga, gaba da baya, an haɗa da waya a kafaɗu, an shafa masa fenti mai ruwan azurfa. Akwai hular kwano da aka liƙa wa fitilar babur a goshi. A ƙirjin rigar kuwa an manna hoton babban mutumin yana murmushi.

“Ga kayanka,” in ji mai tumbin. “Za ka sa, ka naɗe wandon dama yadda za a ga ƙafar sosai. Da Oga ya zo sai ka buga fanareti ɗaya. Mun gaya wa gola ya faɗi wancan gefen.”

Yayana ya kalli rigar, ya kalli shaddar da ke jikinsa.

“Ni sharhi aka ce zan yi.”

“Za ka yi mana. Kana bugawa za a miƙa maka makirfo.”

Na ce, “Malam, ɗan wasan ƙarfe labari ne. Wannan da kake gani mutum ne.”

Ko kallona bai yi ba. Wayarsa ta yi ƙara ya juya ya tafi.

Na kama hannun yayana. “Yaya, mu tafi gida.”

“Yara sun taso tun daga Bena.”

“Su koma. Ba su zo don su gan ka cikin gwangwani ba.”

“Bugu ɗaya ne,” ya ce a hankali. “Daga nan sai su ba ni lasifika. Ki bar ni in faɗi abin nan sau ɗaya gari ya ji.”

Abokinsa ma ya yi magana, bai saurara ba. Ya tuɓe shaddar ya miƙo mini, ya rage daga shi sai singileti, muka taya shi sa kwanon. Da hannuna na murɗa wayar kafaɗar hagu.

Babban mutumin bai zo da hantsi ba, bai zo da azahar ba. An hana yayana cire rigar, wai ko yaushe Oga zai iya shigowa. An hana shi zama a inuwar rumfa, wai kada jama'a su gan shi kafin lokaci, abin ya rage armashi. A bayan rumfar ya tsaya, inda rana ke dukan kwanon kai tsaye. Na sayo ruwan leda ina zuba masa ta wuya, ruwan na gangarowa da ɗumi. Na je wurin mai tumbin ba sau ɗaya ba, kullum amsarsa, “Sun taso, suna hanya.” A cikin rumfar kuwa manyan gari na zaune ana raba musu lemo mai sanyi, cikinsu har da waɗanda suka zo gidanmu jaje lokacin da aka dawo da shi.

Sai da rana ta karkata jiniya ta tashi. Aka yi ta kirari, aka yi jawabai, kowa ya tashi sai ya gode wa Oga tun daga kakanninsa. Sannan mai gabatarwa ya ja murya ya ce ga abin da ake jira, ga ɗan wasan ƙarfe da kansa, wanda Oga ya ɗauki nauyin kawowa.

Yayana ya fito. Fili ya ɗauki sowa, yara na tsalle. Ina ganin yadda yake taka ƙafar na san akwai matsala, don gumi ya jiƙa maɗaurin tun ɗazu, dungun kuma in ya sha tsayuwa kumbura yake ya saki. Da ya isa wurin ƙwallon ya gyara tsayuwa zai buga da hagu. Mai tumbin ya rugo yana ɗaga hannu.

“Da ta ƙarfen. Ita mutane ke son gani.”

Ya ja baya kaɗan, ya taho, ya buga. Ƙwallon ta gangara a hankali kamar an tura ta da tsintsiya. Ƙafar kuwa ta fice, ta tashi sama da takalmin a jikinta, ta juya, ta faɗi can kusa da raga. Golan ya yi tsalle ya faɗi gefen da aka ce masa. Yayana ya tafi ta baya, kwanon ya yi wata ƙara kamar an jefar da tire, hular ta gangara gefe.

Dariyar da aka yi ran nan har yau tana kunnena. Ba ta mugunta ba ce, shi ya sa ta fi ciwo. Dariya ce ta jin daɗi, ta mutanen da suka samu fiye da abin da suka zo nema. Mai gabatarwa ya ce cikin lasifika, “Jama'a a nemo bakanike, noti ya kwance.” Aka ƙara fashewa. Na duba rumfa, babban mutumin ya kifa kai yana bubbuga tebur. Na duba gefen mata, na ga wata da muke zumuntar mata tare a coci, wadda ɗanta na can bakin daga a lokacin, ta riƙe ciki tana share hawaye da bakin zane. Ko'ina wayoyi ne a sama.

Ban san lokacin da na shiga filin ba. Na ɗauki ƙafar. Tana da nauyi fiye da yadda mutum zai zata, cikinta kuma jiƙe yake da gumi. Maimakon in nufi yayana sai na nufi rumfa. Ba wanda ya tare ni, ina jin sun ɗauka cikin wasan ne. Na ajiye ta a kan teburin babban mutumin, tsakanin kwalaben lemo da kofin da za a bayar.

“Ranka ya daɗe, ga ta,” na ce. “Ita kuka ce a nuna muku. Mutumin da ke jikinta yana can a ƙasa, in da mai buƙatarsa.”

Murmushin bai bar fuskarsa ba. Ya karkata wajen mai tumbin.

“Wace ce?”

“Ƙanwarsa ce, Oga.”

“Ayya. A ba ta ruwa ta sha, rana ce.”

Shi ke nan abin da ya ce. Wani ɗan sanda ya riƙe mini gwiwar hannu, ba da ƙarfi ba. Sai na tuna yayana ba zai iya tashi ba sai da ƙafar, dole na sake miƙa hannu na ɗauke ta daga teburin a gaban kowa, na juya da ita a rungume kamar jariri. Kafin in isa, abokinsa da golan sun ɗaga shi sun fitar da shi gefen fili. Alƙalin wasa ya busa usur, 'yan wasa suka shigo. Makirfo kuwa ba wanda ya sake ambatarsa.

A gida da muka kwance wayar muka cire kwanon, kafaɗunsa biyu sun tashi sun yi ruwa, gefen wuyansa kuma bakin kwanon ya yanke shi. Mama tana shafa masa man kaɗanya tana faɗa da yarenmu, don in ranta ya ɓaci Hausa ba ta isar ta. Sai da ta fita ya juyo gare ni.

“Wa ya aike ki?”

Na ɗauka ban ji daidai ba. “Yaya?”

“Na faɗi, na kuma san yadda zan tashi. Ina kwance ina laluben ƙafata, ke kin ɗauke ta kin kai wa manya. Da kin miƙo mini ita, da na ɗaura na miƙe na karɓi makirfon nan ko suna so ko ba sa so. Da ni zan ba da labarin faɗuwar, ba wancan mai surutun ba.”

“Ba za su ba ka ba. Tun farko ba su yi niyya ba.”

“Ba ki sani ba.”

“Na sani. Sun gasa ka a rana kamar masara, kana nan kana cewa ban sani ba.”

“Kin mai da ni abin tausayi a gaban gari,” ya ce. “Dariya zan iya da ita. Tausayi ne ba na so.”

Muka yi kwanaki ba ma magana. Har yau ban yarda da shi ba. Ba ni na yanka kwanon ba, ba ni na hana shi inuwa ba. Amma ni ce a kusa, don haka a kaina ya sauke.

Hoton faɗuwar ya zaga fiye da yadda muryarsa ta taɓa zagawa. Wani ya sa masa kiɗa, ya maimaita tashin ƙafar tana sama tana dawowa. Da aka koma makaranta na tarar da yaran ajina suna wasan a lokacin tara: ɗaya ya sassauta takalmi ya harba shi sama, ya faɗi ta baya, sauran su ce a nemo bakanike. Ban dake su ba. Na tsaya ina kallonsu har suka lura, suka watse. Matar cocin nan kuwa ta tare ni ranar Lahadi ta ce, “Malama, yaya jikin yayanki? Ai ran nan ya ba mu dariya, Allah ya yi masa albarka.” Na ce mata Allah ya dawo mata da ɗanta da ƙafafunsa biyu. Ta ce amin, sai da na yi nisa na ga ta tsaya tana kallona.

Bayan sabuwar shekara mai tumbin ya dawo, wannan karon da mai ɗaukar hoto da keken guragu sabo fil, an buga fuskar Oga a bayan majinginarsa. Wai Oga ya ji tausayin abin da ya faru. Mutumin da ke tafiya da ƙafafunsa, ko da ɗaya ta aro ce, shi aka kawo wa keke. Na buɗe baki, yayana ya ɗaga mini hannu. Ya yi godiya, ya ƙi zama a ciki, ya tsaya a gefensa aka ɗauki hoton. Keken yana nan. Mama ke ɗora masa dawa in za a kai niƙa.

Mangwaron ya yi makonni babu kowa. Sannan wata Lahadi abokin ya sake shigowa da babur, yayana kuwa ya sa takalmi ya bi shi ba musu. Na bi su a baya don ban yarda da mutane ba. Wurin ya cika fiye da da. Ya zauna, ya yi gyaran murya, ya ce za a ci gaba daga inda aka tsaya: ɗan wasan ƙarfe ya buga fanareti, ƙafarsa ta fice, ta wuce raga, ta wuce tsauni, ta sauka a kasuwar Bena ta ci ƙwallo a can, yanzu ƙungiyoyi biyu na shari'a a gaban kada kan wa ke da ƙwallon. Aka yi ta dariya ana tafi, tsohon sojan nan har da buga sanda a ƙasa. Na ga yayana ya karɓe abinsa, na kuma yi masa murna. Amma ina duban bakunan da ke dariyar, su ne dai na filin, ko ɗaya bai zo ya ce mun yi kuskure ba. Na tashi na bar wurin kafin a gama.

Wasan ƙarshen da ya shirya bai taɓa kawo shi ƙarƙashin mangwaro ba. Sai da damina ta zo ta wuce, muna zaune muna ɓarar gyaɗa ni da shi, na tambaye shi me ke ciki.

“Ba wani abu ba ne,” ya ce. “Ana tsakiyar wasa sai ɗan wasan ƙarfe ya zauna a kan ciyawa. Koci ya yi ihu, 'yan kallo suka yi ihu, bai tashi ba. Aka kawo mai, aka kawo mai walda, ya duba ya ce komai lafiya. Sai ya buɗe baki, karo na farko tun da aka ƙera shi, ya ce, na gaji.”

“Sai me?”

“Daga nan ban sani ba. So nake in faɗa a lasifika in ga abin da gari zai yi.”

Na ci gaba da ɓarar gyaɗar har na fasa wasu a hannuna. A filin nan ran nan akwai iyaye mata da matan soja da tsofaffin da suka bar ƙuruciyarsu a bariki, kuma wannan ne abin da ya kawo musu.

Bana da Kirsimeti ta gabato wayarsa ta yi ƙara muna cin abinci. Ya duba, ya ɗauka, na ji muryar mai tumbin tana fitowa. Wai Oga ya ce abin ya yi armashi sosai wancan karon, ko za a maimaita, wannan karon za a sa wa rigar soso a ciki saboda zafi. Yayana ya saurara har ya gama. Ya miƙo mini wayar ta saman kwanon tuwo.

“Ga ƙanwata,” ya ce masa. “Ita ke kula da harkokin ɗan wasan yanzu.”

Abin da na gaya wa mutumin nan ba zan rubuta shi ba, saboda ina da ɗalibai kuma wasunsu sun iya karatu. Na dai fara da Hausa, na ƙarasa da yarenmu, Mama tana gefe tana tuna mini abin da na manta. Yayana kuwa ya ci gaba da cin tuwonsa.